Sakin talala a Damargu: makiyayi ba shi da lambar gida

Da damina ta ɗauke, shanu da raƙuma suka fara gangarowa daga Tenhya zuwa kudu alhali wasu manoma ba su gama kwashe hatsi ba, jandarmomin Tanut da Belbeji sun san abin da ke tafe. Gardama kan gona ko rijiya, a zaro sanda ko takobi, sai jini. Bayan kame kuma a shiga wata gardamar: a riƙe wanda ake zargi a gidan kaso har ranar shari'a, ko a yi masa sakin talala?

Masu karatu da ke zaune a Kano ko Kaduna sun saba da beli irin na Najeriya. Dokar shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce laifin da hukuncinsa kisa ne, alƙalin babbar kotu kaɗai ke ba da belinsa, shi ma sai da dalili na musamman, kamar ciwo mai tsanani ko jinkirin da ya wuce shekara. Nijar ba haka take ba. Tsarinta na 1961, wanda ta gada daga Faransa, ya bar maganar a hannun alƙali mai bincike. Shi zai auna ko mutumin zai gudu, ko zai tsorata shaidu, ko sakinsa zai tada hankalin gari.

A takarda babu aibu. Matsalar tana wajen auna "zai gudu". Abin da aka saba dubawa shi ne gida tsayayye, sana'a a gari, da wanda zai tsaya wa mutum. Ɗan kasuwar Tanut yana da duka ukun. Bafulatani ko Buzun Tenhya, wanda dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ware wa yankinsa don kiwo, gidansa na bin ruwa da ciyawa ne. Tafiyar da dokar kiwo ta 2010 ta amince haƙƙinsa ce, ita ce kuma za ta iya zame masa shaidar rashin amana a gaban alƙali. Lauya kuwa, yawancinsu suna Yamai, sama da kilomita 1,000 daga rugarsa.

Ba ana cewa a buɗe ƙofa ga kowa ba ne. Wanda ake zargi da kisa, aka gan shi a kasuwa bayan mako biyu ba tare da an yi wa dangin mamaci bayani ba, fassara ɗaya za su yi: an sayi shari'a. Daga nan ramuwa ke farawa, kuma ƙasar da ta ga Toda a 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100 a jihar Maraɗi, ta san ƙarshenta.

Don haka haɗarin da ke kan shaidu da dangi ya kamata ya zama ma'auni na farko, ba katangar gida ba. Inda haɗarin ya tabbata, a riƙe mutum ko ɗan wane ne, a kuma gaggauta shari'arsa a Damagaram. Inda bai tabbata ba, ardo ko sarkin ƙungiyar makiyaya, wanda gwamnati ta yarda da shi wajen karɓar haraji, ya isa ya tsaya wa mutuminsa ya kawo shi ranar da aka kira. Kowane hukunci aka yanke, a karanta wa ɓangarorin biyu dalilinsa da Hausa, Fulatanci ko Buzanci kafin su bar harabar kotun Tanut.