Filin Lafiya: Malamin jinya ba ya ƙwarewa a kan allo

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma babu inda maganar nan ta fi zama gaskiya kamar a lakwal ɗin da ake horar da malaman jinya da ungozomai. Duk wanda ya san gidan likita na ƙauye a ƙasar Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san cewa sau da yawa babu lokotoro a cikinsa. Majo ne ke riƙe da CSI, shi da mataimaki ɗaya ko biyu: shi ne mai duba marar lafiya, shi ne mai rubuta magani, shi ne kuma mai yanke shawarar a ɗauki yaro zuwa babbar asibiti cikin dare ko a jira wayewar gari. Majon nan kuwa jiya ɗan lakwal ne, a ENSP Damure Zika ta Yamai, ko ta Damagaram, ko a ɗaya daga cikin makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a birane. Saboda haka yadda aka koyar da shi magana ce da ta shafi kowane gida.

Tsohuwar hanya sananniya ce. Malami ya tsaya gaban allo yana shifta, ɗalibai suna cika kaye, ranar jarrabawa su mayar masa da abin da suka haddace. Hadda tana da amfaninta, amma ba ta koya wa hannu neman jijiya a jikin yaron da zawo ya ƙare wa ruwa. A shekarar 1990 wani malami a Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa huɗu: ya san abu, ya san yadda ake yin sa, ya nuna yadda ake yi, sannan ya yi shi a bakin aiki. Jarrabawar takarda tana auna hawa biyu na ƙasa ne kawai, alhali ran marar lafiya yana rataye ga biyu na sama.

Dabara ta farko ita ce koyar da aikin hannu daki-daki. Wani likitan fiɗa, Rodney Peyton, ya tsara ta mataki huɗu a 1998. Da fari malami ya yi aikin daga farko har ƙarshe ba tare da magana ba, domin ɗalibi ya ga kamanninsa. Na biyu ya sake yi a hankali yana bayyana kowane motsi. Na uku ɗalibi ya riƙa faɗin abin da za a yi, malami yana aikatawa. Na huɗu ɗalibi ya yi da hannunsa yana faɗa da bakinsa. A ɗauki allurar ɗuwawu misali. Idan aka soka ta a tsakiya ko ƙasa, tana iya taɓa babbar jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har tsufansa. Ɗalibin da ya raba wurin gida huɗu da yatsansa, ya nuna na sama ta waje, ya maimaita sau goma a gaban malami, da wuya ya yi wannan kuskure.

Dabara ta biyu ita ce gwaji kafin a taɓa jikin mutum. Tun 2010 akwai tsarin horo na taimakon jariri ya yi numfashi, wanda ke amfani da ƴar tsana da ake cikawa da ruwa har ta yi nauyin jinjiri. Darasin nasa guda ne: jaririn da bai yi kuka ba, a goge shi, a motsa shi, in bai numfasa ba a fara hura masa iska da jakar numfashi kafin minti ɗaya ya cika. Wanda bai taɓa yin tsere da mintin nan a cikin aji ba, hannunsa zai yi rawa a ɗakin haihuwa. Kuma rashin kayan Turai ba hujja ba ce: ana koyon allura a kan lemu, ɗinki a kan soso. Ana iya zuba rabin lita na ruwa mai ja a kan zane, domin idon ɗaliba ya san yawan jinin da in mai jego ta zubar, an shiga haɗari.

Dabara ta uku ita ce a fara darasi da marar lafiya, ba da sunan cuta ba. Malami ya ce: ga yarinya ƴar wata tara an kawo ta cikin watan Satumba, jiki da zafi, tana tari, ta ƙi nono. Ɗalibai su rabu biyar-biyar, su faɗi abin da za su tambaya da abin da za su duba. A nan ne lambobin tsarin PCIME ke samun ma'ana: numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga yaro daga wata 2 zuwa 12, ko 40 daga shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu, awon damtse ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani, ƙin shan nono kuwa alamar haɗari ce da ke wajabta tura yaro gaba. Haka ma lissafin magani. Yaro mai kilo 10 da masassara mai tsanani ta kama, allurar artesunat miligiram 3 ce ga kowane kilo, watau 30. Ya kamata a yi irin wannan lissafi kowace safiya kamar karatun allo, domin sifiri ɗaya da ya ɓata wuri ya isa ya yi kisa.

Akwai kuma maganar harshe. Ɗalibi ya yi shekarunsa yana karatu da Faransanci, ranar da ya kama aiki sai ya tarar da uwar da ke cewa ɗanta na da zahi, ko haƙora ne ke damun sa, ko iska ta taɓa shi. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da binciken da aka yi a gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, inda suka nuna yadda tsawa da rashin bayani ke raba marasa lafiya da ma'aikata. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ya dace lakwal ta ware sa'o'in wasan kwaikwayo da Hausa, Zabarmanci da sauran harsuna: wannan ɗaliba ta zama uwa, waccan ta zama ma'aikaciya, ta bayyana yadda ake dama ruwan gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sannan ta ce: "Inna, maimaita mini yadda za ki yi in kin koma gida." In uwa ta kasa maimaitawa, bayanin ne bai isa ba.

Wurin da aka fi yin asara shi ne zaman koyon aiki a asibiti. Idan aka tura ɗalibai talatin ɗaki guda babu mai kula da su, wasu za su ƙare da aike da shara, wasu kuma su kwaikwayi munanan halayen da suka tarar. Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba: kowane rukuni ya sami ma'aikaci guda da aka ɗora wa alhakinsa, kowane ɗalibi ya riƙe littafin da ake sa hannu bayan an ga aikinsa da ido, kuma a zauna minti goma a ƙarshen yini a tambaye shi abin da ya yi daidai da abin da zai gyara. Gyara a keɓe ake yin sa. Ɗalibin da aka kunyata a gaban marar lafiya yakan koyi ɓoye kuskure, ɓoyayyen kuskure kuwa shi ne mai kai mutum kushewa.

Daga ƙarshe, ɗalibi yana karanta abin da ya san za a tambaye shi ne. A 1975 Ronald Harden, a birnin Dandi na ƙasar Sikotlan, ya fito da jarrabawa mai tasha-tasha: a wannan tebur wanke hannu, a wancan awon jini, a na gaba lissafin magani, kowace tasha da mintocinta da takardar da malami ke bi yana sa maki. Makarantar da ta ɗauki wannan hanya ba ta buƙatar yi wa ɗalibai wa'azi a kan aikin hannu.

Annobar sanƙarau ta 2015, wadda ta kama mutane wajen 8.500 ta kashe fiye da 570 a Nijar, ta nuna cewa ranar tsanani malaman jinya ne ke kwana a tsaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nauyi yana kan hukumar da ke ba makarantu izini ta duba ɗakin gwaji kafin ta sa hannu, yana kan malamai su rage shifta, yana kuma kan iyaye su tambayi inda ɗansu zai koyi aiki kafin su biya kuɗin lakwal.