CIN ABINCI A GARI: ME YA KAMATA MU DUBA?

Kowace shekara, da zarar 'yan aji shida sun ajiye biro bayan jarrabawar ƙarshe, abu na fari da mukan ji daga bakinsu shi ne, "Mun huta da wake da garin kwaki!" Ba mu ga laifinsu ba, gama shekara shida ke nan suna cin abin da ƙararrawa ta kira su gare shi. Amma daga ranar da suka fita ƙofar makarantar nan, babu sauran ƙararrawa, babu kuma malamin da zai leƙa tukunya a madadinsu. Waɗansu za su tafi jami'a, waɗansu koyon sana'a, waɗansu neman aiki. Da yawansu za su riƙa karya kumallo a teburin mai shayi, su ci na rana a gidan abinci. Saboda haka muka ga ya dace mu yi magana a kan wannan al'amari kafin mu sallame su.

Mu da muka manyanta, mun tashi muna jin cewa cin abinci a waje abin kunya ne. Akan ce sai gwauro, ko matafiyi, ko magidancin da matarsa ta yi yaji. Akwai gaskiya a ciki, domin babu abin da ya kai iyali su kewaye kwano ɗaya, su yi addu'a, su ci tare. Magidancin da ke cin farfesu a gari alhali 'ya'yansa suna lasar miyar da ba mai, yana da amsar da zai ba Allah. Amma direba, da ɗan dako, da ma'aikaciyar asibiti mai aikin dare, da ɗalibin da ke haya a ɗaki ɗaya, ba za su koma gida sau uku a rana ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. A ganinmu cin abinci a gari ba zunubi ba ne, ba kuwa abin kunya ba ne. Abin tambaya shi ne, da wane ma'auni muke zaɓen inda za mu ci?

Bari mu tuna yadda garinmu Jos ya tashi. Haƙar kuza ce ta tara jama'a a nan tun farkon ƙarni na 20. Hausawa, da Ibo, da Yarabawa, da sauran kabilu suka zo suka tarar da Birom, da Afizere, da Anaguta. Lebura ya zo ba mata, ba murhu. Wa ya ciyar da shi? Mai ƙosai, da mai tuwo, da mai fura. Tun daga lokacin kwanon gari ya zama na kowa. Mu kanmu, sa'ad da muke samari, da sanyin Janairu mukan zauna a benci ɗaya da masinja, da mai gadi, da ɗan sanda, da malamin allo, kowa ya rungume kofin shayinsa yana hura. Mukan ci masa a wurin Bahaushiya, sakwara da miyar agushi a wurin 'yar Ibo, amala a wurin Bayarabiya, gwate da tuwon acca a wurin iyayenmu mata na Filato. Abin da muke tambaya kawai shi ne, "Da zafi?"

Rikicin da ya fara ranar 7 ga Satumba 2001 ya canza wannan. Muna kwalejin horon malamai a lokacin, mun kuwa ga abin da ya biyo baya da idonmu. Babbar kasuwar Taminus, wadda ta haɗa kowa da kowa, ta ƙone a Fabrairu 2002. Aka sake yin tashin hankali a Nuwamba 2008 da Janairu 2010. Unguwanni suka rabu, kasuwanni suka rabu, a hankali har tukwane suka rabu. Jita-jita ta yi ta yawo cewa kada a sayi tsire a wurin wane, kada a sha kunu a wurin wance, wai ana sa guba. Wannan gefe ya faɗa, wancan gefe ma ya faɗa. Ba mu raina tsoron kowa ba, gama akwai iyalai a cikin ikilisiyoyinmu da har yanzu suna makoki, haka kuma a wancan gefe. Ba mu kuma ce yaro ya kutsa wata unguwa ranar da gari ba lafiya ba. Amma abin da ya dame mu shi ne, yanzu muna da yaran da aka haifa bayan waɗannan abubuwa, waɗanda suka koyi tambayar sunan mai abinci kafin su dubi hannunta.

Wannan ma'auni bai yi daidai da bangaskiyarmu ba. Ubangijinmu Yesu ya sha zargi a kan mutanen da yake cin abinci tare da su. A Luka sura 19 ya sauka gidan Zakka mai karɓar haraji, jama'a suna ta gunaguni. A Ayyukan Manzanni sura 10 Bitrus ya shiga gidan Karniliyus, wanda ba Bayahude ba ne, har 'yan'uwa a Urushalima suka tuhume shi a kan ya ci abinci da baƙi. Bulus ma, a 1 Korintiyawa sura 10, ya sauƙaƙa wa masu bi zancen naman da ake sayarwa a kasuwa. In haka ne, ina muka samo koyarwar da ke sa mu ƙyamaci masar maƙwabciyarmu?

Ga abin da ya faru da mu a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, sa'ad da mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya da na sayen burodi. Akwai wani mai shayi a bakin hanyarmu, dattijo ne Musulmi. Wata safiya muka gaishe shi muka wuce, domin aljihu ba kome. Sai ya kira mu ya ce, "Malam, dawo ka zauna. Yaya za ka tsaya gaban yara da yunwa? In kuɗi sun fito ka kawo." Mako uku yana rubuta mu a ɗan littafinsa, bai taɓa ɗaure fuska ba. Mun biya shi har kwabo na ƙarshe, amma alherin har yau ba mu iya biya ba. Da mun bi jita-jita, da ba mu san shi ba.

To, me ya kamata mu duba? Na fari, tsabta. Abin da ke kwantar da masu cin abinci a gari a asibiti ba ya tambayar addinin kowa. Kwalara da taifot suna shiga ta ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa. A 2021 kaɗai, mutum fiye da 100,000 ne aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu. Zazzaɓin Lassa kuwa, wanda ake samu daga fitsari da kashin ɓera a kan abinci, mu mutanen Jos mun san shi tun farkonsa. A 1969 aka kawo ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, daga garin Lassa zuwa asibitin Jan Kwano, a nan ta rasu. A 1970 cutar ta ɗauke likitar asibitin, Jeanette Troup. Saboda haka kafin ku zauna, ku dubi ruwan wanke kwanoni, ko ana canza shi ko tun na safe ne. Ku duba ko an rufe abinci, ko ƙuda na biki a kai. Ku duba ko rumfar tana bakin kwata. Ku zaɓi abin da aka sauke daga wuta yanzu, ku yi hankali da ɗanyen ganye da shinkafar da ta yini a buɗe. Ku wanke hannu da sabulu da ruwan da aka zuba muku, ba a cikin kwanon da mutum goma suka tsoma hannu ba. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023 farashin abinci ya hau ƙwarai. Ɗalibin da ya cinye kuɗin wata a mako guda domin ya burge abokai, zai gane cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In kuwa an ba ku bashi, ku biya. Macen da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba ta hura wuta, da wannan ribar take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta. Mai bin Almasihu da ya sauya hanya domin kada mai abinci ta gan shi, ya ɓata shaidarsa.

Na uku, irin wurin. Akwai inda farfesu ƙofa ce kawai, giya ce ɗakin. Ku sani tun daga bakin ƙofa, ku juya. In kuma kun gayyaci abokinku Musulmi, ku kai shi inda zai ci da kwanciyar rai, kada ku sa masa abin da addininsa ya hana. Ku gai da mai abinci da ladabi, ku ce "Mama, sannu da aiki," ku sunkuyar da kai ku gode wa Allah ba tare da jin kunyar kowa ba.

Iyaye da shugabannin ikilisiya, wannan magana tamu ce mu ma. Yara suna jin abin da muke faɗa a mota sa'ad da muka wuce mai tsire. Taron sulhu a manyan ɗakuna yana da amfaninsa, amma zumunta a ƙafa take, kuma da wuya ka ɗauki dutse ka jefi mutumin da ya san cokali nawa na sukari kake sha.

Ɗalibanmu masu fita, wake da garin kwaki sun sallame ku. Ku tafi ku ci abincin gari da idanu a buɗe da zuciya mai tsabta. Allah ya kiyaye fitarku da shigarku, ya ba garinmu salama. Amin.