Kafin a murɗa makullin motar Baba

A tsofaffin unguwannin ma'aikata na Kano da Kaduna da Zariya, da wuya mutum ya ratsa layi uku bai hango ta ba. Tana ƙarƙashin darbejiya ko a lungun gareji, an lulluɓe ta da tamfol ɗin da rana ta riga ta cinye, tayoyinta sun sace har sun fara nutsewa cikin ƙasa. Galibi Fijo 504 ce, wani lokaci Marsandi. Mai ita ya rasu, ko kuwa tsufa ya raba shi da sitiyari. Ranar da aka ajiye ta an ce na ɗan lokaci ne, kafin a gama zaman makoki ko kafin a samo wani ƙarfe da ya lalace. Ɗan lokacin ya zama shekara goma sha biyar.

Sai wata rana, da hutun Sallah ko bayan ɗaurin auren wata ƙanwa, 'ya'yan gidan su haɗu a tsakar gida, hira ta kai ga motar. Wani ya tuna yadda ake jera su a kujerar baya zuwa ƙauye, wani ya tuna ƙamshin kujerun. Nan take a yaye tamfol, a ciro batir daga motar Yaya, a aiki yaro ya sayo fetur a galan. Kowa yana son ya ji kukan injin ko da sau ɗaya ne. Wannan sha'awar ba abin zargi ba ce, amma ita ce ta fi kashe irin waɗannan motoci. Abin da tsatsa ta yi shekara goma sha biyar ba ta ƙarasa ba, murɗa makulli na minti ɗaya yana iya ƙarasa shi.

Wani zai ce to sai me, ai tsohon ƙarfe ne. Amsar tana cikin tarihin motar. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a Kakuri. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Daga nan ta zama motar babban sakatare da shugaban makaranta da alƙali, doguwarta kuma ta zama motar haya tsakanin Kano da Maiduguri, da tsakanin Maraɗi da Damagaram. Turawa sun daina ƙera ƙaramar a ƙasarsu tun 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000.

Marsandin da aka harbe Murtala a ciki tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Ita an san darajarta. Motar da ta ɗauki malamin makaranta da iyalinsa shekara ashirin kuwa, wadda hannun 'yan ƙasa ya ɗaure kusoshinta a Kakuri, ba ta da mai kāre ta. Masaƙun da ke maƙwabtaka da masana'antar sun rufe ɗaya bayan ɗaya, injinansu da dama sun tafi a matsayin gwangwan. Abin da ya rage a hannun jama'a na zamanin da Arewa ke ƙera abu, wanda yaro zai iya taɓawa ya shiga ya zauna a ciki, bai wuce irin waɗannan motoci ba. Su ma 'yan gwangwan suna bin su gida-gida, suna saye da nauyi. Mota mai kusan kilo 1,200 tana ƙarewa a tukunyar narka ƙarfe, ta dawo kasuwa a matsayin rodin gini.

Sai dai aikin farko a kan motar mamaci ba na bakanike ba ne. Motar dukiyar gado ce, kuma abin da ya sa yawancinsu suke kwance shi ne ba wanda yake son ya fara ɗaga maganar. Babban ɗa yana jin kunyar a ce ya sa ido a kayan uba. Hajiya ba ta son a sayar, domin idan ta leƙo ta taga ta gan ta sai ta ji kamar maigidan yana ciki. Ƙananan kuwa, waɗanda wataƙila marayu ne ƙanana a lokacin rasuwar, ba a taɓa tambayarsu ba. Ana kiran wannan shirun kara, alhali kowace damina tana cin wani ɓangare na haƙƙin kowa. Hanyar a fili take ga duk wanda ya san rabon gado: abin da ba ya rabuwa a yi masa kima, wanda yake so ya biya sauran rabonsu, ko su yafe masa da bakinsu a gaban shaidu, a rubuta. Wanda ya tsallake wannan ya kashe kuɗinsa a gyara, ranar da motar ta fito tana sheƙi ita ce ranar da 'yan'uwa za su tuna cewa ta kowa ce.

Idan an gama da wannan, sai a zo ga injin, kuma a nan ne haƙuri yake da rana. Inji da ya daɗe a tsaye ya bushe. Baƙin man da ke shafe sassansa ya gangara ƙasa tuntuni, danshin damina ya shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, zobban fistin sun manne da bangon silinda. Idan aka tilasta masa juyawa da ƙarfin batir, zoben ya karye ko ya kankare bangon, ƙarfe ya goga ƙarfe babu mai a tsakani. Abin da gogaggen bakanike yake yi shi ne ya cire fulogai duka huɗun, ya ɗiga ɗan mai a kowane rami, ya tafi abinsa. Bayan kwana biyu ko uku ya dawo ya sa sifana a kan ƙusar gaban inji, ya gwada juya shi da hannu, a hankali. Idan ya juya, an yi sa'a. Idan ya ƙi, a ƙara mai a ƙara kwanaki. Ba a sa masa dogon bututu a danna da ƙarfi, domin abin da zai saki ba lallai ne ya zama tsatsar ba.

Fetur ɗin da ke tankin ya daina zama fetur. Cikin watanni sassansa masu saurin kamawa suke tashi, abin da ya rage ya yi kauri ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan kafireto. Tankin kansa, musamman idan an bar shi rabi, ya yi tsatsa daga ciki. Wanda ya zuba sabon mai a kan wannan ya wanke dattin ne kawai ya tura shi cikin inji. Sauke tankin ake yi a wanke, a kwance kafireto a goge, a sauya duk tiyon roba da mai ke bi. Tiyon da ya tsage a kusa da inji mai zafi yakan zama mafarin gobara a tsofaffin motoci. Beraye ma sun yi nasu aikin: sun yi sheƙa a gidan matatar iska, sun gaigaye rigar wayoyi, zanzaro ya yi gini a inda ba a zato. Shi ya sa ake kiran mai gyaran waya ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa batir, kuma a ajiye abin kashe gobara a kusa. Mai ɗaga tamfol da kujeru kuma ya yi hattara, maciji da kunama ba su san motar Baba ba ce.

Akwai wani rauni da ya keɓanci 504. Kowane fistin nata yana cikin bututun ƙarfe da ake iya zarewa a sauya, ruwan sanyaya inji yana zagaye bututun kai tsaye, kan injin kuma na alminiyam ne a bisa gangar jiki ta baƙin ƙarfe. Wannan tsarin ne ya sa ake iya sabunta injinta sau da yawa, shi ya sa ta daɗe a hanyoyin Afirka. Amma direbobin da suka riƙe ta sun saba cika lagireto da ruwan rijiya ko na famfo, ba tare da sinadarin hana tsatsa ba. Ruwan da ya kwana shekaru a ciki yana cin alminiyam ɗin, yana lalata abin da ya toshe gindin bututan. Alamar ita ce baƙin mai ya koma launin shayi da madara. Wanda ya zaro sandar gwajin mai ya ga haka, maganar tayarwa ta ƙare a ranar, sai an buɗe inji.

Idan komai ya yi daidai, a zuba sabon mai da sabuwar matata, a juya injin da makulli alhali fulogai suna waje, har fitilar mai ta mutu. Sannan a mayar da fulogai. Wannan ne lokacin da za a kira Hajiya ta fito.

Tashin inji kuwa bai ba kowa izinin hawa titi ba, kuma a nan kuskure yana iya cin rai. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake so a sauya shi duk shekara biyu ko a motar da ke aiki. A motar da ta kwanta, ruwan ya tsatsantar da cikin bututu, robobin sun bushe. Feda tana iya tsayawa da ƙarfi a tsakar gida, ta nutse har ƙasa a mahadar farko. Kulocin 504 ma da irin wannan man yake aiki, farantinsa kuma yakan manne. Taya tana iya nuna zane kamar sabuwa alhali robarta ta mutu. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan uku ne kawai, an yi ta kafin 2000. Masu ƙera taya da kansu suna cewa kada ta wuce shekara 10, komai kyan fuskarta.

Saboda haka tafiyar farko, daga gida zuwa garejin bakanike, a bayan wata motar ya kamata ta yi ta. Al'adar ɗaura igiya a ja, a sa ƙaramin ƙane a sitiyari, ganganci ne. Injin da ba ya aiki ba ya taimaka wa birki, sai an taka da ƙarfi ninki, ga shi birkin ma ba a san halinsa ba. Idan kuma makullin ya ɓata ko ba a murɗa shi ba, sitiyarin yana iya kullewa a kwanar farko. Kuɗin motar ɗaukar motoci mai shimfiɗaɗɗen baya bai kai kuɗin gyaran gaban mota ba, balle diyyar ɗan acaɓa. Kafin ta iso, a ɗaga kowace ƙafa da jak a tabbatar tana juyawa, domin birkin hannun da aka ja shekaru da suka wuce yakan ƙi saki. A kuma auna ƙofa. Gidaje da yawa sun fitar da shaguna ko sun ƙara ɗaki bayan an ajiye motar, sai ranar fitarwa a tarar hanyar da ta shigo ta zama bango.

Masu cewa duk wannan ɓarnar kuɗi ce suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, inji mai kafireto na kusan lita biyu ya zama nauyi a aljihu. Motar ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani mai hana santsi. Kuɗin gyara na gaskiya, da walda da fenti da kujeru da sabunta takardu da inshora, yakan zarce abin da za a saye ta. Wanda yake da kuɗin makarantar yara a gabansa bai yi laifi ba idan ya ce ba zai iya ba. Babu mai hankalin da zai ba da shawarar a mayar da 504 motar zuwa ofis kullum a cunkoson Abuja. Abin da hujjar ba ta halatta ba shi ne a ci gaba da barin ta a ƙarƙashin bishiya. Iyalin da ba za su gyara ba su sayar da ita a dunƙule ga wanda zai gyara, da takardunta da littafinta idan yana nan, ko da kuɗin bai fi na ɗan gwangwan da yawa ba. Ko wadda ƙasanta ya ruɓe tana da gilasai da fitilu da akwatin giya da za su raya wasu biyu.

Akwai kuma dalilin da ya sa jinkirin yake ƙara tsada fiye da tsatsa. Kayan gyaran 504 har yanzu ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ko da yake sai an tona. Mutanen ne suke ƙarewa. Bakaniken da zai saurari inji ya daidaita kafireto da kunne, ko ya gyara tazarar wuta da takardar sigari, ya haura sittin, idanunsa sun fara rauni. Yaran da ke garejinsa sun tashi da motocin da ake sa wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu, kuma ba laifinsu ba ne, can abincin yake. Iyalin da suka yanke shawara bana za su same shi a bakin aiki, ya zo da sifanarsa da ɗan galan ɗin mai, ya cire fulogai huɗu, ya ce a ba shi zuwa Laraba.