Daga Arlit zuwa SORAZ: me ya sa fasahar kamfanonin waje ba ta zama a Nijar?

A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr mallakar ƙasa, ta karɓe kaso 63.4 cikin 100 na hannun jarin da Orano na Faransa ke riƙe da shi. Watanni uku kafin nan, hukumomi sun kori manyan jami'ai uku ƴan China na CNPC da WAPCO da matatar SORAZ, bisa ƙorafin giɓin albashi tsakanin baƙi da ƴan gida. Tun daga lokacin muhawara ta karkata kan mai kamfani da mai cin riba. Sai dai akwai batun da ya fi shafar matasa masu digiri: a ina ake ƙirƙirar fasahar da kamfanonin ke aiki da ita, kuma da wa ake yin binciken?

Kamfanin da ke da rassa a ƙasashe da dama yakan tara masu bincikensa a hedkwata. Aikin reshe shi ne ya haƙo, ya tace, ya aika. Idan na'ura ta ba da matsala, injiniyan reshe uwar kamfani yake kira, ko da akwai jami'a kusa da shi. Dalilan a fili suke. Uwar kamfani ta riga ta kashe kuɗin binciken, ba ta son ta biya sau biyu. Tana kuma tsoron sirrin sana'arta ya faɗa hannun wanda gobe zai zama abokin gogayya. Sannan sau da yawa daraktan reshe ba shi da hurumin sa hannu kan yarjejeniyar bincike sai da amincewar Paris ko Beijing.

Arlit ta nuna haka ƙarara. An kafa Somaïr a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. Tsawon shekaru sama da 50 ana ɗora garin ma'adinin a manyan motoci zuwa tashar ruwan Cotonou, daga can zuwa masana'antar Malvési da ta Tricastin a kudancin Faransa, inda ake sarrafa shi da inganta shi. Matakan da suka fi buƙatar ilimi, kuma suka fi kawo kuɗi, duk a can suke. Gaskiya ne kamfanin ya horar da ƴan Nijar da yawa, kuma su ne akasarin ma'aikatansa, shi ya sa aiki bai dogara da baƙi ba lokacin da Orano ya sanar da rasa iko da kamfanin a Disamban 2024. Amma iya tafiyar da na'ura daban, iya ƙera ta ko sauya mata tsari daban.

A ɓangaren man fetur ma labarin ya yi kama. Matatar SORAZ da ke jihar Damagaram ta fara aiki a 2011, tana iya tace ganga dubu 20 a rana. CNPC na da kaso 60, Nijar na da 40. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Sèmè a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ɓangaren China ne ya zuba kuɗinsa ya kuma shimfiɗa shi. A irin waɗannan ayyuka, abin da galibi ke isowa ga ƴan kasuwar gida shi ne sufuri da gadi da dafa abinci. Ana samun kuɗi, amma ba a koyon tace mai daga nan.

Wasu ƙasashe sun gane cewa kamfanin waje ba ya raba iliminsa don kara, sai an rubuta masa a yarjejeniya. China da kanta ta yi hakan: a 2004 ta sharɗanta wa kamfanoni irin su Alstom da Kawasaki miƙa fasaha ga kamfanoninta kafin su samu kwangilar jiragen ƙasa masu gudu, yau kuma ita ke sayar wa duniya. Norway a ƙarshen shekarun 1970 ta ɗaure samun lasisin mai da gudanar da bincike a cikin ƙasarta. Brazil ta wajabta wa masu manyan rijiyoyin mai kashe kaso 1 cikin 100 na kuɗin da suke samu kan bincike, wani ɓangare a jami'o'in ƙasar.

Dokar fifita ƴan ƙasa da Nijar ta fitar a 2024 ta buƙaci a ba su fifiko wajen ɗaukar aiki da kwangila. Abin da zai auna nasararta shi ne ko ɗakunan gwaji na EMIG a Yamai, da EMAIR a Agadas, da jami'o'in André Salifou da Dan Dicko Dankoulodo za su fara samun aikin bincike na kuɗi daga kamfanonin. Matsalolin da za a bincika ba su da wuyar samu: miliyoyin tan na sharar ma'adini da Cominak ya bari a Akokan bayan rufe shi a Maris 2021, ingancin ruwan ƙarƙashin ƙasa a Arlit, da gyaran na'urorin matatar ba tare da jiran kayan waje ba.

Akwai haɗari ta ɓangarori biyu. Sharuɗɗan da ke sauyawa dare ɗaya na korar masu zuba jari, kuma tuni Orano ya kai ƙarar Nijar gaban kotun sasanta rikicin zuba jari ta duniya. A ɗaya gefen, babu kamfanin da zai ba da aikin bincike ga jami'ar da ba ta da kayan gwaji ko tsayayyar wutar lantarki. Injiniyoyin Nijar da ke aiki a Faransa da Kanada da ƙasashen Larabawa na iya cike wani giɓin, idan aka samar masu da wurin aiki da albashin da zai riƙe su.

Yanzu da Somaïr ya koma hannun gwamnati, babu wata hedkwatar waje da za ta hana shi ƙulla yarjejeniyar bincike da makarantun ƙasar. Kasafin kuɗinsa ne zai nuna ko sabon mai kamfanin ya bambanta da tsohon.