Kafin Ki Kai Yara Bakin Teku



Uwargida, na san ke ma kina cin karo da hotunan nan a waya: farin rairayi, itatuwan kwakwa, shuɗin ruwa iya ganin ido. Mu nan Baure rairayi kam Allah ya hore mana, ruwan ne dai babu. Amma 'yan'uwanmu da yawa suna zaune a Legas, kuma in an je hutu ba a rasa mai cewa a kai yara su ga teku. To ki je, ganin ikon Allah ne, amma ki je da sani.

Tsibirin da ya fi mana sauƙin zuwa shi ne Tarkwa Bay da ke Legas, wanda sai da jirgin ruwa ake isa. Ruwansa ya fi na sauran gaɓar Legas lafawa, saboda duwatsun da aka jera don kare hanyar manyan jirage. Mai hali kuwa takan nufi Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, inda ake da gaɓar Nungwi da ta Paje. Akasarin mutanen can Musulmi ne, hijabinki ba zai zama abin kallo ba.

Ko ina kika zaɓa, ki riƙe abu huɗu.

Na farko, kada ɗanki ya shiga jirgi sai da rigar kariya daga nutsewa, wadda ta yi masa daidai, an ɗaure ta tamau. In babu, a fasa.

Na biyu, teku ba kududdufi ba ne, ba ya zama wuri ɗaya. Yakan janye ya dawo kusan sau biyu a kowace rana. A Paje yakan ja baya da nisa har mata su shiga noman ciyawar teku. Yaron da ya yi nisa wajen tsince-tsince, ruwa na iya dawowa ya tare masa hanya.

Na uku, akwai wani zirin ruwa da ke komawa cikin teku da ƙarfi. Sau da yawa wurin ya fi ko'ina kama da kwanciya, ba kumfa ba igiyar ruwa, sai baƙo ya yi wa rogo kallon kitse. Wanda ya ja, kada ya yi kokawa da shi; ya yi iyo ta gefe har ya fita daga zirin. Ke kuma in ba ki iya ruwa ba, kada ki faɗa ceto, zani da dogon hijabi nauyi suke yi in sun jiƙe. Ki yi kururuwa, ki jefa igiya ko jarka marar komai da murfinta a rufe.

Na huɗu, kuma mafi girma: yaron da ke nutsewa ba ya ihu, shiru yake tafiya. Ki ajiye wayar nan. Ƙaramin yaro ya kasance inda hannunki zai kai gare shi, kuma kada ki bar wa yayarsa 'yar shekara goma amanarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka rasu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ba sai an je teku ba. Da damina ta sauka, ga kududdufai, ga ramukan da aka haƙi ƙasar gini, ga rijiyar da ba murfi, har bahon wanki a tsakar gida. Dokar ɗaya ce, ko a Zanzibar ko a Babban Mutum.

Ke da kika taɓa kai yara bakin teku, ki ba mu labari a ƙasa, wata ta ƙaru. Allah ya tsare mana zuri'a, amin. Sai mako mai zuwa.