Ga Samari Masu Fara Rubuta Labari

Jama'a, akwai wata ɗabi'a ta samari masu fara rubutu wadda ba mu yarda da ita ba. Yaro ya yi tunani da Turanci, sa'an nan ya juye da Hausa, wai shi ya yi littafi. Haba!

Aro ba laifi ba ne. Malam Abubakar Imam ma, da ya rubuta Magana Jari Ce, ai ya ɗebo daga Alfu Laila da labarun Turawa. Amma sai da ya sa musu riga da rawani, har ka rantse a Katsina aka haife su.

To, kai mai farawa, karanta wa kakarka abin da ka rubuta. In ta ce, "Me ka ce, ɗan nan?" yage takardar, ka sake.