Zamani Daban, Ƙarni Daban

A wannan wata za mu ɗauko wata 'yar gardama da ta tashi a wani zaure a nan Jugu, wadda muka sha dariya a kanta, amma da muka koma gida muka ga akwai abin dubawa a ciki.

Wani malamin makarantar boko ne ya ba yara aikin gida, ya ce kowa ya rubuto lokacin da danginsa suka zo garin nan. Wani yaro ya tambayi kakansa. Tsoho ya ce, "Kai ja'iri, ai mu tun zamanin fatake muke nan." Yaro ya rubuta da Faransanci cewa sun zo a "siècle" na fatake. Malam ya ja masa jan layi, ya ce wane ƙarni ke nan, na nawa? Shi kuwa gogan ya dawo ya ce wa kakan, a gaban baƙi, wai malam ya ce bai san tarihi ba. Sai da aka yi ta ba dattijo haƙuri.

Tsakani da Allah, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kalmomi biyu ne aka haɗa musu zane alhali ba uwarsu ɗaya ba.

Ƙarni abin lissafi ne, shekara ɗari cif, wato abin da Faransawa ke kira siècle, Ingilishi kuma century. Ko a nan ma akwai tarko. Ƙarni na 19 ya fara ne daga 1801 ya ƙare a 1900, ba shekarun da ke farawa da 19 ba ne kamar yadda yara da yawa ke zato. Ga kuma ƙidaya biyu da muke riƙe da su. Shekarar 1400 ta Hijira ta kama a watan Nuwamba na 1979, saboda haka yau muna cikin ƙarni na 15 a wajen liman, na 21 a wajen ma'aikacin gwamnati, kuma shekara ɗari ta wata kamar 97 ce ta rana. Malamanmu na zaure za su ƙara da cewa a tsohon Larabci kalmar tana nufin tsara guda ta mutane, ba lallai shekara ɗari ba.

Shi kuwa zamani ba shi da mudu. A jikin mutum ko wani abu ake rataye shi: zamanin Shehu, zamanin Nasara, zamanin fatake. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, tsakiyar ƙarni na 15 na Miladiyya, aka buɗe hanyoyi zuwa Gwanja. Ayarin goro kuwa bai daina ratsa ƙasashen nan ba, ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Salaga, sai da Ingila ta ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sannan Faransawa suka iso arewa kafin ƙarnin ya ƙare. Kun ga ke nan "zamanin fatake" ya haɗiye fiye da ƙarni huɗu. Kaka ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar tasa ta yi wa takardar malam faɗi. Af, shi kansa littafin na Kano da tsawon sarautar kowane sarki yake ƙidaya. Wani Bature mai suna Palmer ne ya lissafo shekarun baya-baya lokacin da ya fassara shi a 1908.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke da irin wannan. Masu karatu a Nijeriya sun san Ingilishi yana da age, era, epoch da period, Faransanci kuma âge, ère, époque da période. Ta farko doguwa ce, ana yi mata suna da abin da ya mamaye ta, kamar dutse ko ƙarfe. Ta biyu tana da ranar farawa sananniya, kamar Hijira. Ta uku asalinta ita ce mararrabar da abu ya juya, daga baya ta koma nufin duk abin da ya biyo. Ta huɗu yanki ne kawai, ko na wata shida ko na shekara dubu. Mu duk muna zuba su cikin kwarya ɗaya mu ce zamani, in ya gajarta mu ce lokaci, in kuma abin ɗoki ne mai wucewa mu ce yayi. A hira wannan ya wadatar. Gaban tebur ɗin ma'aikaci ne yake gazawa.

Ga misali a gida. Mutum ya ce an haife shi zamanin Kereku. Wanne? Janar ɗin ya karɓi mulki ran 26 ga Oktoba 1972, ya sauka a 1991 bayan babban taron ƙasa na Fabrairun 1990, ya dawo ta hanyar zaɓe a 1996 ya zauna har 2006. Tsakanin ɗan farkon zamanin da ɗan ƙarshensa akwai shekara talatin da wani abu, wato uba da ɗa. Da irin wannan amsa aka cika takardun haihuwar iyayenmu da yawa da "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza, ma'aikaci ya dubi fuska ya yanka. Wanda aka ƙara wa shekara biyar ya bar aiki da sauran ƙarfinsa, wanda aka rage wa ya tsufa yana jiran fansho.

Mu a ganinmu ba dattawa za a koya wa ƙarni ba, yara za a koya wa tambaya. A ce, Baba, kafin 'yancin kai ne ko bayansa? Wannan 1960 ke nan. Ƙasar tana Dahome ko ta koma Benin? An sauya sunan a 1975. Kafin farin da ya koro mutane daga Nijar a 1973 ko na 1984? Kafin a karya darajar sefa? Janairun 1994. Tsoho ba ya manta irin waɗannan, ko da bai taɓa riƙe lambar shekara ba.

Haka muka shawarci yaron nan, ya koma da goro a hannu. Da aka bi a hankali, sai kakan ya ce nasa kakan ya sauka Jugu ne da jakuna shekarar da Salaga ta watse, bai ƙara komawa ba. Yaro ya rubuta 1892, ƙarshen ƙarni na 19, malam ya karɓa. Dattijon dai har yanzu in an tambaye shi, zamanin fatake yake cewa.